Jitar farko ta rok da metal: abin da na zaɓa a Damagaram da dalilina

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Jitar lantarkin da na saya ta iso, ta kuma kwana biyu a hannuna har na fara sanin halinta. Ibanez ce, daga jerin GIO, samfurin GRG121DX, ta hannu ce amma ba ta sha wuya ba. Wani ɗan'uwa mai zuwa Kano fatauci ya taho mini da ita. Baƙa ce wuluk, ba ado ko kaɗan, har wani abokina a Zango da ya gan ta ya ce ya ɗauka zan sayo mai ƙahoni. Abubuwa uku na bi: mikro (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi biyu, jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar) kafaffe, da wuya miƙaƙƙe. Launi da sunan kamfani duk daga baya suka zo.

Mu nan kunnenmu da jitar Agadas ya saba. Ita muke ji a wajen biki, ita ke tashi a wayoyin samari, shi ya sa duk wanda aka ce ya kwatanta jitar lantarki, siffar Stratocaster yake kawowa, irin wadda Mdou Moctar ke riƙewa. Kamfanin Fender ya fitar da ita a 1954, da mikro uku masu naɗi ɗaya ɗaya. Muryarta siririya ce, tas, kowace tsirkiya a rarrabe. Matsalar tana fitowa ne idan ka murɗa distosho, wato abin da ke sa sauti ya yi kaushi, sama kamar yadda metal ke so. Mikro ba komai ba ne illa siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a kan maganaɗisu, kuma ba motsin tsirkiya kaɗai take ɗauka ba, har gurnanin wutar gida take kwasowa, da na cajar waya da na fanka. Da ka ɗaga hannu daga kiɗa sai ka ji "zuuu" ya cika ɗaki.

Maganin wannan tsoho ne. Seth Lover, injiniyan kamfanin Gibson, ya ƙera mikro mai naɗi biyu a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna saɓa wa juna, maganaɗisunsu ma haka, sai gurnanin da ɗaya ya ɗauko ɗayan ya kashe shi, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Makaɗa hambaka suke ce masa. Wannan kaurin shi ne ƙashin bayan sautin metal, musamman na mikron da ke kusa da jaki. Ban ce mai naɗi ɗaya ba ya rok ba. Jimi Hendrix da Ritchie Blackmore da Stratocaster suka yi suna. Amma su suna da manyan amfili, wato na'urorin ƙara sauti, da masu kula musu da kaya, kai kuma kana ɗaki a Birni da soket ɗaya wanda fanka ma a nan take.

Wanda zuciyarsa ta rabu biyu, yana son kiɗan Agadas yau gobe kuma metal, ya nemi Yamaha Pacifica 112. Tana da hambaka a wajen jaki, da masu naɗi ɗaya guda biyu a gaba. Da na same ta a lokacin da kuɗina ke hannu, da wataƙila ita na ɗauka.

Wata magana da ba ta wasa ba: hambaka na rage gurnani, amma ba ya maye gurbin wayar ƙasa, kuma gidaje da yawa a garin nan ba a ja musu ita ba. Idan ka taɓa tsirkiya ka ji wuta na tsunkulinka, zare filogi nan take ka kira mai gyaran wuta. Kada ka ce bari ka ƙarasa waƙar.

Sai jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jitar. A nan ne masu koyo suka fi ruɗuwa, domin yawancin jitocin metal da muke gani a bidiyo suna da Floyd Rose, jakin nan mai hannu da ake dannawa sauti ya nutse ya dawo. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi, kuma a hannun gwani abin sha'awa ne. Sai dai ba a kafe yake ba, lilo yake yi tsakanin jan tsirkiyoyi shida ta gaba da jan sifirin ta baya, kamar sikelin mahauci: ka taɓa gefe ɗaya, ɗayan ya motsa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun bar saiti. Ka ɗaure ta shida, ta farko ta sauka. Ga makulli a saman wuya wanda sai da ɗan ƙarfen alan ake kwance shi. To metal kuwa yawan sauya saiti gare shi. Wanda aka fi farawa da shi shi ne sauke tsirkiya mai kauri daga Mi zuwa Re, don yatsa ɗaya ya danne tsirkiya uku ya ba da amo mai nauyi. A kafaffen jaki wannan aikin daƙiƙa kaɗan ne. A Floyd Rose sai ka zauna da sukudireba kana buɗe bayan jita.

Ƙari a kan haka, na jitoci masu araha ba na asali ba ne, kwaikwayo ne da ƙarfe mai laushi. Bakin da yake lilo a kansa ya cinye, jitar ba za ta ƙara riƙe saiti ba, kuma kayan gyaransa sai an yi aike Kano ko Yamai, in ma an dace. Lokacin da za ka ɓata kana fama da sifirin, yatsunka ne ke bukatarsa. Shawarata ga kowa a shekarar farko: kafaffe.

Wuya shi ne abin da ba a yi masa uzuri. Mikro ana canzawa, maɓallan ɗauri ana canzawa, amma wuyan da ya murɗe ya tafi ke nan. Ɗaga jitar ka saita idonka daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, murɗewa gefe kuwa ajiye musu kayansu. Danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya (firet su ne ƙarafan da ke gitte a kan wuya), ka duba tsakiya, wajen firet na bakwai ko takwas: tazarar kada ta wuce kaurin ɗan kati. Tsayin tsirkiya a firet na 12 ya kasance wajen milimita 2. Sannan ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet kana sauraron zizar ƙarfe. Ni da ba ni na je Kano ba, sai na sa ɗan'uwan nan ya yi duk wannan a bidiyon WhatsApp, mai shago na tsaye yana ƙorafin an tsare masa ciniki. Gani ya kori ji, ko da ta waya ne.

Kuma ku tuna inda muke. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da rani takan faɗi ƙasa da 20. Katakon wuya yana tsukewa, ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakunansu su leƙo gefe suna kartar hannu. Jitar da aka saita da damina za ta sauya hali da hunturu ya kama. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa don gyara lanƙwasa. Rubu'in zagaye kawai, ka bar ta ta kwana, sannan ka sake dubawa. In ta yi tauri kada ka matsa mata. Jaka mai zif wajibi ce saboda ƙura na shiga maɓallin ƙara ta sa shi ƙaraf-ƙaraf, kuma kada a jingina ta da bangon da rana ke duka a watan Afirilu.

Tsawon tsirkiya ban daɗe a kansa ba. Irin na Fender da Ibanez milimita 648 ne, na Gibson da Epiphone wajen 628, ya fi laushi a yatsa. Dogon ya fi riƙe tauri idan an sauke saiti, shi ke nan. Flying V da sauran masu ƙahoni kuwa ku gwada zama da su a kan tabarma kafin ku biya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bahagwai, kada kowa ya tilasta muku juyawa. Mdou Moctar bahago ne, Tony Iommi na Black Sabbath ma haka. Iommi yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham, sai ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta saiti don rage zafi, nauyin sautinsa ya ƙaru. Na kawo shi ne saboda masu cewa metal sai da tsirkiya mai kaurin igiya. Ni da tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42 na fara, yanzu ina kan 10 zuwa 46 don ta shidan ta daina kaɗawa in na sauke ta Re. Duk mai zuwa Kano a ba shi saƙon fakiti biyu ko uku, kuma a goge tsirkiya da tsumma bayan kowane zama, gumin Damagaram ba ya raga wa ƙarfe.

Kada jita ta cinye kuɗin duka. Distosho daga amfili yake fitowa, jita mai tsada a mummunan amfili ba ta da daɗin ji. Ƙananan masu aiki da batir shida, irin Boss Katana Mini ko Blackstar Fly 3, sun dace da mu: an ɗauke wuta kana ci gaba, gurnanin soket babu, kuma suna da ramin abin sawa a kunne, maƙwabta su huta da dare. In amfilin daga Amurka aka kawo, karanta bayansa tukuna. Nasu wutar 120 ce, tamu 220, ka jona kai tsaye ya ƙone.

Inda nake yanzu: yatsun hagu sun yi kanta, zafin ya ragu. Amon yatsa biyu yana fita tsaf daga firet na farko zuwa na bakwai, sama da nan ƙaramin yatsa na ta da rigima. Abin da nake fama da shi shi ne kwantar da gefen tafin dama a kan jaki don sautin ya fito a daƙile. In na matsa gaba kaɗan ya mutu, in na ja baya ya buɗe. Na sa manhajar ƙidayar bugu a 80 a minti, bugun ƙasa zalla da mediyato (ɗan abin kaɗa tsirkiya) mai kauri, kuma ba zan ƙara gudu ba sai damtsena ya daina ƙagewa kafin minti biyu su cika.