Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Makon jiya na tsaya a inda muka koma Gwammaja bayan rabon gidan Baba, kuma na yi alkawarin zan ci gaba da shekarun da nake kai atamfa Maraɗi. Ku yi mini afuwa. Daren Talatar nan ban runtsa ba, kuma abin da ya hana ni barci, wato kumburin babbar jijiyar jinin da ke cikina, shi ke cin raina.

Wajen ƙarfe biyu na dare wani ciwo ya soke ni a ƙugu ta hagu. Na kwanta rigingine, na yaye riga, na ɗora carbina a saman cibiya, na haska fitilar waya. Carbin yana ɗagawa yana sauka, yana bin bugun zuciyata. Na taɓa goshina in ji ko akwai gumi, na tashi zaune in ji ko jiri zai ɗebe ni. Hajiya ta farka ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, koma barcinki." Sai da maganar ta fita daga bakina na gane ba tawa ba ce, ta Goggo Ladi ce.

Ita ta riƙe mu, ni da Yaya Sani da Auwalu, bayan rasuwar Inna. In ka faɗi ka gurje gwiwa, in malam ya zane ka a makarantar allo, in yunwa ce ma, maganarta ɗaya ce: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Namiji ya haɗiye. Mun haɗiye kuwa, har muka yi furfura muna alfahari da hakan.

A 2021 aka gano abin. Matsalar fitsari ce ta kai ni asibiti, aka ce a yi mini hoton ciki. Yaron da ke yawo da na'urar a kan cikina yana ta hira da ni a kan farashin shadda a Kantin Kwari, sai kawai ya yi shiru, ya fita ya kirawo wani. Likitan ya juya bayan katina ya zana mini da biro. Ya ce akwai babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya, ta bi ƙirji ta gangaro ciki ta gaban ƙashin baya, sannan ta rabu biyu ta nufi ƙafafu. Faɗinta a cikin mai lafiya wajen santimita 2 ne. In bangonta ya yi rauni sai ta riƙa buɗewa kamar tiyo da ya tsufa, kuma daga santimita 3 ake kiran abin kumburi. Tawa ta kai 4.1.

Na ce, "To likita, a yi aikin mana." Ya ce, "Baba, aikin kansa yana da nasa haɗarin. Ga namiji sai ta kai wajen 5.5, ko ta ƙaru da sauri, ko ta fara ciwo, sannan haɗarin barinta yake fin na taɓa ta." Ya ce aikin iri biyu ne: ko a buɗe ciki a ɗinka wani bututu a madadin wurin da ya lalace, ko a zura bututun ta jijiyar matsematsi a kafa shi daga ciki. Kafin nan sai awo, sai tsare hawan jini, sai barin sigari. Shekara talatin da wani abu ina shanta, tun muna samari a Fagge. Ranar na bar kwalin a kan bencin asibiti ban waiwaya ba.

Ina shirin tashi ya yi mini tambayar da ta fi zanen nauyi. "A gidanku akwai wanda ya taɓa mutuwa farat ɗaya?"

Yaya Sani ya rasu a Janairun 2013, a kwanakin da aka hana achaba a Kano. Ba na manta wannan don Auwalu ya yi ta gudu a bakin titi yana neman abin hawa. Kwana uku Yaya yana dafe baya. Ya ce basir ne, ya sha jiƙo, ya shafa man zafi, ya fito kasuwa kamar kullum, don shi ma ɗan Goggo ne. Bayan azahar yana auna wa wata mata yadi ya durƙushe. Da na tallafo kansa rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ga shi lokacin sanyi ne, jikinsa kuma ya yi sanyi ƙalau. Bai kai ƙofar asibiti ba. Kafin magariba mun baro shi a maƙabartar Ɗandolo.

Da na ba likita wannan labarin sai ya ajiye bironsa. Ya ce yana iya yiwuwa ita ce, don abin yana bin jini, kuma ɗan'uwan mai ita ya fi sauran mutane haɗari, balle in ya sha taba yana da hawan jini. Yaya ya haɗa duka biyun.

To amma a wancan lokacin me aka ce? Jifa. Tun ba a yi sadakar uku ba aka fara nuna Rabi, amaryar Yaya, da baki, don wata bakwai ke nan da tarewarta. Goggo ta ce tun shigowar yarinyar nan gidan bai ga alheri ba. Baffa Habu, wanda bai taɓa leƙa Yaya ba ko sau ɗaya da yana jinyar taifot, shi ya fi kowa ɗaga murya. Rabi ta gama takaba a ɗaki ita kaɗai, babu mai karɓar abinci daga hannunta, ta koma gidan iyayenta a Kurna da akwati ɗaya. Ni kuwa ina wurin, na san Yaya ya kwana uku yana ciwo don ni ya gaya wa, kuma ni ya roƙa kada in faɗa. Ban buɗe baki ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shi Baffa Habun ne kuma yanzu yake bin rumfuna yana cewa ina yawo da ajalina a ciki, gara yara su fara lissafin shago. Wa ba ya yawo da nasa? Ni dai nawa ana auna shi da santimita.

Awon ya tafi 4.3, ya tsaya shekara guda, yanzu yana 4.6, kuma likita ya mayar da ni duk wata shida. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne yadda wata shidan nan ke tafiya. Yawanci kumburin ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa kowane ɗan motsi a jiki yake zame mini tambaya. In na ci ɗanwake ya zauna mini, sai in ce ko ita ce. In adaidaita sahu ya faɗa rami sai in riƙe ciki da hannu biyu. Na daina ɗaga dila, ni da a da nake saɓa ta a kafaɗa in hau bene, yanzu sai in tsaya ina kallon yara suna yi. Na'urar awon jini tana nan kusa da Alƙur'anina, safe da yamma. Kuɗin magani ya ninka tun 2023, amma ban taɓa tsallake rana ba.

Likita ya ja mini layi ƙarara. Ciwo mai tsanani da ya zo kwatsam a ciki ko a baya, wanda ba ya sauki in an juya, ko ya zo da gumi, jiri ko suma, wannan ba na kemis ba ne, kuma ba a jira asuba. Ko ciwon bai kai haka ba, in sabo ne kuma ya ƙi tafiya, in zo a duba.

Shi ya sa a daren Talatar, bayan na ce wa Hajiya ta koma barci, na sake taɓa kafaɗarta na ce, "Hajiya, ba lafiya ba. Tashi Khalifa ya fito da mota." Ta dube ni, don a shekara talatin da huɗu na aurenmu ba ta taɓa jin irin wannan daga gare ni ba. Aka yi hoto kafin kiran sallah. Tana nan a 4.6, ba ta yoyo. Tsoka ce na murɗe wajen jawo buhun shinkafa da la'asar, abin da aka hana ni.

Auwalu har yau ya ƙi zuwa a duba shi. Ya ce wanda ya tona ƙasa zai ga abin da ba ya so. Na biya kuɗin hoton, takardar tana aljihuna, kuma Juma'a bayan masallaci zan je har gida in ɗauko shi, ya so ko ya ƙi. Daga can zan wuce Kurna. An ce Rabi ta yi aure tana da 'ya'ya huɗu, amma mahaifiyarta tana gidan, kuma ita ce ta zo ta kwashe akwatin nan ranar da babu wanda ya raka su ko zaure.