Kawuna, ɗan Sarkin Aska da ya zama likitan haƙori

A danginmu na wajen uwa, aska gado ce. Kakana shi ne Sarkin Askan garinmu, wani ɗan gari a kudancin Katsina tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma shi ma a hannun mahaifinsa ya karɓi zabira. Yaran yanzu suna jin wanzami sai su ɗauka mai aski ne kawai. A zamanin Kaka shi ke aske jariri ranar suna, shi ke cire beli, shi ke yi wa yara kaciya idan hunturu ya shigo, ya yi ƙaho, ya yi sakiya. Idan haƙori ya hana mutum barci, wurinsa ake zuwa. Yana da wani awartaki da maƙerin unguwa ya ƙera masa. Majiya ƙarfi biyu su riƙe mai ciwon, ya yi bismilla ya finciko haƙorin, a ba mutum ruwan gishiri mai ɗumi ya kurkure baki. Lada kuwa sai an yi girbi, a kawo damin dawa ko na gero.

Kawu shi ne ɗan farinsa, wan mahaifiyata. Saboda alkunya ban taɓa jin Kaka ya ambaci sunansa ba, "yaron nan" yake cewa, har Kawu ya yi furfura. Tun yana ƙarami yake rataye zabira yana bin uban ƙauyuka, kowa ya gama sakankancewa shi zai gaji sarautar. Sai aka aiko wa dagaci cewa a ba da yara makarantar boko, sunansa ya faɗo a ciki. Inna ta ce Kaka ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Yaron kuwa karatu ya karɓe shi. Lokacin da ya gama sakandare babu inda ake koyar da likitancin haƙori a duk faɗin Arewa. Jami'ar Legas ce ta fara a 1966, Ibadan ta biyo baya, na Maiduguri da Kano kuwa sai bayan shekara ta 2000. Saboda haka jirgin ƙasa ya hau ya tafi Legas, ya zauna a Idi-Araba. Da ya gama ya yi bautar ƙasa ya dawo gida, Kaka ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Yanzu duk shekarun nan haƙori kaɗai aka koya maka?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an koya mini yadda zan bar shi a bakin mai shi."

Wannan magana ita ce aikin Kawu gaba ɗaya, ita ce kuma wahalarsa. Mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai kunci ya kumbura. Kafin nan an cusa kanumfari a kogon, an sa kanwa, an sha maganin kashe zafi na kemis har an gaji, wasu ma ruwan batir suke ɗigawa su ƙone dasashi. Idan mutum ya iso, abu ɗaya ne a bakinsa: "Likita, a cire kawai in huta." Kawu ya kan ajiye kayan aiki ya fara bayani. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke zaune a dattin da ke maƙale a jikinsa, suna cin sukarin da ka sha, suna fitar da tsami, tsamin ne ke cinye ɓawon haƙorin a hankali. Idan an zo da wuri, a share ruɓaɓɓen wurin a yi ciko, haƙori ya ci gaba da aikinsa shekaru. Idan aka bari ciwon ya kai ga jijiya, a ƙauye irin namu sau da yawa sai cirewa.

Na yi hutun makaranta a gidansa, na ga abin da ya fi ɓata masa rai, wato bakin yara. Haƙoran nono guda 20 ne, na manya 32. Turmin farko na manya yana fitowa yaro na da kamar shekara 6, can bayan na nono, ba tare da wani ya fita ba. Iyaye sai su ɗauka shi ma na famfara ne, su bar shi ya ruɓe, alhali ba wani da zai maye gurbinsa. Haka kuma zancen zawo da zazzaɓi da ake jingina wa fitar haƙori. Ya sha roƙon mata cewa idan jariri na zawo a kai shi asibiti, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kada a zauna ana cewa haƙori ne. A ganina wannan roƙon ya ceci rayuka fiye da duk cikon da ya yi.

Akwai kuma ciwon noma, wanda ke farawa kamar ɗan gyambo a dasashin yaron da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda, cikin 'yan kwanaki ya huda kumatu. Kawu ba ya son maganarsa a gaban abinci. Da aka buɗe asibitin yara masu wannan ciwo a Sakkwato a 1999, ya samu inda zai riƙa tura waɗanda fuskarsu ta riga ta lalace, wani lokaci da kuɗin mota daga aljihunsa. Ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a ƙarshen 2023, ni na kira shi na gaya masa. Ya ce Alhamdu lillahi, sannan ya ce maganinsa na gaskiya tuwo ne da allurar rigakafi.

Bai taɓa raina asuwaki ba, yana aljihunsa koyaushe. Abin da yake faɗa da shi shayi ne mai sukari cokali huɗu, da alawa, da lemon kwalba da ya cika ƙauyuka.

Tsakaninsa da Kaka kuwa an daɗe ana ja. Da aka fara zancen cutar ƙanjamau a Najeriya wajen 1986, Kawu ya tsorata da aska ɗaya da ke bin kawuna goma. Ba ya iya yi wa uba faɗa, sai ya sayo tukunya ya ajiye a zaure, ya ce, "Baba, don Allah a riƙa tafasa su." Daga baya ya riƙa kawo fakitin reza, kowane yaro da tasa. Kaka ya karɓi wannan. Cire beli ne ya ƙi bari har ya rasu, duk da Kawu ya yi ta nuna masa cewa belin ba ya hana yaro shan nono, zubar jini da ƙwayar cuta ne ke iya kashe shi. Haƙori dai ya sakar masa. Ya naɗe awartakinsa a tsumma, duk wanda ya zo dafe da kunci sai ya ce, "Je ka wurin yaron nan." Mutanen da ke tsoron asibiti sun yarda su hau kujerar Kawu ne saboda Sarkin Aska ya aiko su.

A shekarun da aka karya darajar naira zamanin Babangida, kayan ciko da allurar kashe zafi, waɗanda duk daga waje ake shigo da su, suka yi tsadar da talaka ba zai iya ba. Abokan karatunsa da dama suka tafi Saudiyya. Shi ma an yi masa tayi. Ya ce ɗan fari ba ya barin tsoho, ya zauna yana aiki a ɗaki guda na asibitin gwamnati, idan an ɗauke wuta a haska masa baki da tocila. Iyalinsa sun ji a jikinsu, ba zan ɓoye ba. Matarsa da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli ta riƙa cike kuɗin makarantar yara, gidansu kuma bai samu rufin kwano gaba ɗaya ba sai da ya karɓi kuɗin sallama.

Yanzu ya yi ritaya, hannunsa na ɗan rawa, ba ya riƙe ƙarfe. Zabira da sarautar aska suna hannun ɗan ƙaninsa, wanda ya koyi sa safar hannu daga wurinsa. Autarsa tana Kano tana karatun haƙori, kuma ta ce idan ta gama a birni za ta zauna. Kawu bai hana ta ba. Ɗakinsa na asibiti har yau ba a turo wani likita ba, wani ma'aikacin haƙori ne ke zuwa ranar kasuwa, masu kumburi sosai kuma sai a sa su a mota zuwa Funtuwa ko Zariya.