Ranar da na rufe littafin na fara ba da labari

Shekarun farko da na fara fita aikin bishara ƙauyuka, ni a ganina in dai na raba Littafi Mai Tsarki na yi wa'azin awa guda toh aiki ya kammala. Sai da na koma wani gida bayan wata shida na tarar da wanda na bayar yana nan a ledarsa an ɗora shi can sama, ana girmama shi sosai fa, amma duk gidan babu mai iya karatu. Kunya ta kama ni gaskiya.

Wani dattijon fasto ne ya ce min ɗana, kai Yesu ka ga yana bin mutane da takarda? Je ka duba Markus sura 4, ba ya musu magana sai da misali. Annabi Natan ma da ya je gaban Dauda ai labarin 'yar tunkiyar talaka ya kawo masa, sarki ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya gane da shi ake.

Daga baya na gano ashe an jima ana wannan fama. Joy Ridderhof, wata 'yar mishan wadda ciwo ya dawo da ita gida daga Honduras, ta kafa ƙungiyar Gospel Recordings a 1939 don a riƙa aika wa marasa karatu faifan garmaho. Trevor McIlwain kuma, shi ma ɗan mishan ne, a tsibirin Palawan na Filifin ya ga mutane sun ce sun karɓi Yesu amma ba su san farkon zancen ba, sai ya koma ya faro musu tun daga littafin Farawa, labari bayan labari a jere. Yanzu maimakon faifan, memori kad ne da 'yar rediyo mai cajin sola.

Amma wahalar abin a kaina take, don wanda ya saba wa'azi bakinsa ƙaiƙayi yake, kana gama labari sai ka ji kana so ka ce ma'anarsa ita ce kaza da kaza. Dole ka haddace labarin, minti uku ko huɗu, ka faɗa sau biyu, ka sa wani ya maimaita, sannan ka yi tambaya ka ja bakinka ka yi shiru.

Ran nan na ba da labarin ɓataccen ɗa, Luka 15, ƙanen da ya cinye gadonsa ya dawo uban ya yi masa biki, wan kuma ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Ina gamawa wata tsohuwa ta ce ɗana, ni fa babban nan bai yi laifi ba, shi ya sha rana a gona, wanda ya cinye dukiya kuma shi aka yanka wa ɗan maraƙi? Wani tsoho ya ce ke ba ki taɓa jiran yaro a bakin hanya ba ne, ta ce ta jira mana, nata ma har yau bai dawo ba, wurin ya yi tsit ni kaina na rasa abin cewa.

Da wani saurayi ya tashi maimaitawa sai ya ƙara nasa, wai daga ƙarshe wan ya shiga gida suka rungumi juna. Nan ne inda ba na sakaci, don labarin baka saurin canzawa gare shi, in ka bari a baki na biyar ya zama wani abu daban. Na ce jama'a haka yake a labarin? Tsohuwar nan ce ta gyara masa, ta ce a'a, a waje aka bar shi tsaye uban yana lallashinsa. Ta juyo ta ce min to wai ya shiga ko bai shiga ba? Na ce mama, Yesu bai faɗa ba. Har na hau mashin suna ta musu a kai.