Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a taron makarantarmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an yi taro an tashi lafiya, an buɗe famfon burtsatse a firamaren garinmu, an kuma yaye ƙyallen allon da ke ɗauke da sunayen tsofaffin ɗaliban da suka rasu a bakin daga. Da gangan muka saka shi 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Godiya ta farko ga tsohon hedimastanmu, Baba Allah ya ƙara lafiya. Shi ya zaƙulo tsohuwar rajista da gara ta cinye gefenta, ya zauna da tabarau yana bin suna ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan ɗan gidan wane ne, har muka haɗa na yaƙin basasa, da waɗanda suka tafi Laberiya da Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga 1990, da ƙannenmu da Boko Haram ta kashe a Borno. Wallahi mafi yawansu babu kabarinsu a garin nan, wasu suna maƙabartar sojoji ta Maimalari a Maiduguri wasu kuma ko gawa ba a gani ba, sai dai saƙo ya zo a yi zaman makoki, shi ya sa wannan abin ya dame mu tun farko.

Malam Liman mun gode ƙwarai. Da aka fara surutun wai gunki za mu kafa, shi ya ce a yi ruwa ya zama sadaka mai gudana, sunaye kuma a rubuta don yara su riƙa yi musu addu'a, kuma shi ya kawo shawarar a saka da ajami bayan boko. Saboda haka wata Inna ta karanta sunan ɗanta da kanta, ta ɗora yatsa a kai tana kuka, mu ma ba mu iya daurewa ba.

Mai Gari, 'yan group ɗinmu na WhatsApp da suka yi ta turo abin da ya sawwaƙa, magina da suka ƙi karɓar kuɗin aiki, iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, Allah ya saka da alheri.

Mun bar fili a ƙasan allon, duk gidan da aka tsallake sunan nasu don Allah a samu hedimasta na yanzu. Allah ya jiƙansu, ya raya marayun da suka bari, amin.