Kada ku auna roba tun tana da ɗumi

Ƙannena masu koyon aikin zuba roba, mazubin farko (ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki) da na zana na wani murfi ne mai faɗin milimita 200. Na saba da robar ABS, wadda in ta huce ke motsewa da kusan kashi 0.5 cikin ɗari, sai na ƙara wa mazubin milimita 1 kacal. Alhali da wata roba mai suna PP za a zuba murfin, ita kuwa takan motse da kashi 1 zuwa 2.5. Murfin ya fito ya ƙi hawa bakin robarsa, dole aka saro sabon ƙarfen tsakiyar mazubin, wanda ya fi na da girma. Rage ƙarfe abu ne mai sauƙi, mayar da shi ne aiki.

Dalilin wannan bambancin motsewa yana cikin jikin robar. Ƙwayoyin robobi irin su ABS da PC sukan daskare a hargitse, yadda sanyi ya same su. Na robobi irin su PP, PE, POM da nailan kuwa sai sun jeru sun matsu da juna, don haka suke cin wuri kaɗan, su fi motsewa.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, domin gani nake dabara na yi. Na sanyaya mazubin sosai, na auna kayan suna fitowa, awo ya yi daidai, na ce a ci gaba. Bayan kwana biyu duk sun tsuke, wasu sun karkace. Sanyin bai hana ƙwayoyin jeruwa ba, jinkirta su kawai ya yi, suka ƙarasa a cikin kwali. Da sun shiga wuri mai zafi ma, da sun ƙara tsukewa. Yanzu ba na amincewa da awo sai kaya sun yi awa 24 zuwa 48 a ajiye. Nailan kuma ku ƙara sa mata ido, don takan sha danshin iska ta ɗan kumbura daga baya.

Kafin ku ɗora wa mazubi laifi, ku duba matsin da inji ke riƙewa bayan cikawa. In aka sake shi tun ƙofar shigar roba ba ta daskare ba, wuri mai kauri zai loɓa. Ku riƙa auna nauyin kayan kuna ƙara lokacin matsin kaɗan-kaɗan; inda nauyi ya daina ƙaruwa, nan ƙofar ta rufe.