Tanki da giyabos na tsohuwar Hilux mai injin 22R

Motar akori-kura ce, Toyota Hilux ta shekarun 1980, mai injin 22R na fetur, lita 2.4, da kafireto, da giyabos G52 mai giya biyar. Ta daɗe a jingine kafin ta zo hannuna. Da sabon batir da ɗan fetur a bakin kafireto injin ya tashi, amma sai cuta biyu suka bayyana: tana mutuwa bayan ɗan tafiya, kuma ribas ba ya shiga sai da ƙara. Shawarar da aka fi ba ni ita ce in sake kafireto, in sauke giyabos. Ban fara da ko ɗaya ba, domin a motar da ta daɗe a ajiye, inda alamar ta fito ba kasafai yake zama inda cutar take ba.

Mutuwar tana da tsari. Motar za ta yi kamar minti goma tana tafiya lafiya, sai ta fara shaƙewa idan an taka totur, ta mutu. A bar ta ta huta, ta tashi kamar ba ita ba. Kafireto mai datti ba ya warkewa don an huta. Wannan halin mai ne da ba ya isowa. Gwajin da ya raba gardama bai ci ko kwabo ba: na cire tiyon da ke shiga famfon mai, na sa sabon tiyo daga jarkar fetur mai tsabta kai tsaye, na ɗaure jarkar nesa da salansa. Injin ya yi ta aiki babu tangarɗa. Ke nan famfo da kafireto sun fita daga zargi, abin yana baya, tsakanin tanki da famfo.

Famfon 22R a jikin kan injin yake, kamshaf ne ke buga shi, kuma baki uku gare shi: mai shigowa, mai zuwa kafireto, da mai mayar da rara tanki. Tunda ana wurin, a zaro sandar auna baƙin mai a sunsuna. Idan tana warin fetur, robar cikin famfon ta yage tana zubar da fetur cikin injin, kuma wannan yana cin metal, wato boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, a hankali ba tare da an ji ba.

Kafin a sauke tanki akwai abu ɗaya da ya kamata a gwada. Da zarar motar ta mutu, a buɗe murfin tanki a saurara. Idan aka ji iska ta shige da ƙarfi, hanyar numfashin tankin ta toshe, famfo yana ja har ya rasa abin ja. A tawa, zanzaro ne ya cike bakin ƙaramin tiyon numfashin da laka. Buɗe shi ya tsawaita tafiyar, bai kawar da mutuwar ba, don haka tanki ya sauko.

A cire wayar batir ta negetif tukuna. A zuƙe man da famfon hannu, kada a sa baki. A tokare tankin da jak da faffaɗan katako, a sa wa kowane tiyo alama kafin a cire shi, domin mai kawowa da mai mayarwa suna kama, kuma idan aka musanya su motar za ta mutu alhali geji yana nuna akwai mai. Abin da na tarar a ciki shi ne abin da ake tararwa kullum: tsohon fetur ya koma danƙo mai warin fenti, ruwa ya kwanta a ƙasa saboda ya fi fetur nauyi, tsatsa kuma tana ɓarewa kamar ɓawo. Ragar da ke bakin bututun zuƙo mai ta cushe. Idan famfo yana ja, ɓarɓashin tsatsa ya taru ya rufe ragar. Idan injin ya mutu, ya sake ta ya koma ƙasa. Sirrin hutun ke nan.

Wanki hawa-hawa ne. Na cire abin auna mai da bututun, na zuba ruwan zafi da garin sabulu da guntun sarƙa, aka yi ta jijjigawa ana juya tankin ta kowane gefe, har saman ciki, domin nan gumi ke taruwa ya yi tsatsa inda ido ba ya kai. Sarƙa ta fi tsakuwa, saboda tankin yana da shinge a ciki kuma tsakuwa takan maƙale a bayansa. Bayan ɗauraya sai asid mai sauƙi. Binega tana yi idan ta kwana, asid na fosforik ya fi sauri kuma yana barin wani baƙin rufi da ke jinkirta dawowar tsatsa. Ruwan batir kuwa ba na kusantar da shi, yana cin lafiyayyen ƙarfe tare da ruɓaɓɓe. A ɗauraye da ruwan kanwa don kashe ragowar tsamin, sannan a busar nan take a rana, domin ƙarfen da aka wanke da asid yana iya yin ja kafin la'asar.

Wankin yakan tona ƙananan huji da tsatsa ta rufe. A toshe bakuna, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a bi kumfa. Kada a kai wa mai faci ya sa kwamfuresa, tankin zai kumbura ya buɗe a ɗinki. Huji ɗaya ko biyu ana iya toshe su da gam na ƙarfe mai jure fetur bayan an goge wurin ya yi fari. Idan ƙasan ya zama rariya, a nemi wani tanki. Batun walda kuwa, tankin da ya yi shekaru babu mai a ciki yana iya fashewa, domin tururin da ya rage a ɗinki shi ke kamawa. Ni ba na kai tankin fetur wurin wuta. Ruwan rufin ciki da ake sayarwa ma ban yi amfani da shi ba: idan bai kama sosai ba yakan saɓule ya toshe ragar fiye da tsatsar.

Abin auna mai na Toyota na wannan zamani yana ba da kusan om 3 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne) idan tanki ya cika, kusan 110 idan babu komai. A sa mitar auna lantarki a ɗaga hannun abin auna man a hankali, lambar ta sauka ba tsalle. Na sake duk tiyoyin roba, har waɗanda ba su yoyo, saboda tiyon da ya tsage a gefen zuƙowa iska yake sha, ba ya ɗiga. Na hure bututun ƙarfen daga gaba zuwa baya, na sa sabuwar filta mai haske wadda ake ganin cikinta. Ta farko ta yi ja da wuri, ta biyu ta zauna da tsabta.

Giyabos ya fi tsoratarwa, amma gwajinsa na farko ma kyauta ne. Da injin a kashe, duk giyoyin suna shiga sumul. Da injin a kunne, ta ɗaya tana tauri, ribas yana ƙara ko an taka kuloci an jira daƙiƙa uku. Ribas na wannan giyabos ba shi da zoben daidaita gudu, shi ya sa shi ne ke fara tona asirin kulocin da ba ya saki gaba ɗaya. Kulocin na man birki ne, famfo ɗaya a sama wajen feda, ɗaya a ƙasa jikin giyabos. Na janye robar ƙurar na ƙasa, mai ya zubo. Na sake shi, na sa wa na sama sabbin robobi, na fitar da iska da man birki DOT 3, na daidaita wasan feda tsakanin milimita 5 zuwa 15. Ta ɗaya ta yi laushi, ƙarar ribas ta ragu amma ba ta tafi ba.

Sai man giya. A fara kwance notin cikawa na gefe kafin na zubarwa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi motsi. A karanta abin da ya fito. Ƙyalli mai ruwan tagulla zoben daidaita gudu ne ke cinyewa. Laushin baƙin gari a kan maganaɗisun noti ba abin damuwa ba ne, amma gutsuren ƙarfe da yatsa ke ji boris ne ko haƙori. Mai launin koko kuma ruwa ya shiga. Nawa tagulla ce ta yi yawa. Kunne ma yana aiki a nan: kukan da ake ji a firi wanda ke ɗaukewa idan an taka kuloci daga cikin giyabos yake, wanda ke farawa sai an taka kuwa boris ɗin kuloci ne. Kukan da ke kowace giya ban da ta huɗu yana nuna boris na shaf ɗin shiga ko na ƙasa, domin ta huɗu kai tsaye take wucewa.

Lilon sandar giya ba daga ciki ba ne. Akwai mazaunin roba a gindinta da ɗan bushin a ƙarshenta, dukansu sun ruɓe, kuma ana sake su daga cikin mota.

Ragowar ƙarar ribas da kartar giya ta biyu su suka sa giyabos ya sauka a ƙarshe. A sa alama a farfela kafin a kwance ta, a cire wayar sifidomita da ta fitilar ribas. Ɗan boris ɗin da ke bayan karanshaf, inda hancin shaf ɗin shiga giyabos ke zama, ya kafe da tsatsa, yana juya shaf ɗin ko kuloci ya saki. Zoben giya ta biyu kuma, da na danna shi a mazauninsa na auna ratar, ta gaza milimita 0.8, wanda shi ne iyaka. Na sake zoben, da boris ɗin, da farantin kuloci, da sil na gaba da na baya.

Wajen mayarwa, man shafawa kaɗan a haƙoran shaf, domin rarar tana fantsama kan faranti. A daidaita farantin da tsohon shaf kafin a ɗaure, kuma giyabos ya zauna da hannu har ya haɗu da injin. Jawo shi da noti yana lanƙwasa faranti ko ya fasa sabon boris. Na cika da man giya 75W-90 GL-4, lita biyu da ɗan kai, har ya fara dawowa ta ramin gefe, na ɗaure notin a kan ƙarfin ɗauri Nm 37. Mai kauri irin 140 da wasu ke zubawa don rufe kuka yana sa giya ta biyu tauri da sanyin safiya, kuma sabon zoben ne ke biyan kuɗinsa.