Ziyarata unguwar da jarida ta zama uwa ga baƙi

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin F ya sauke ni a tashar East Broadway, a kudancin Manhattan, cikin birnin New York. Yau 'yan China ne suka cika unguwar, amma daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka shigo Amurka daga Gabashin Turai, sun gudo wa talauci da kisan gilla, da yawansu kuwa nan suka fara yada zango.

Ginin da ya kawo ni shi ne mai lamba 175, hawa 10, wanda aka kammala a 1912. Nan ne gidan Forverts, jaridar harshen Yidish, yaren Yahudawan Gabashin Turai, da aka kafa a 1897. Sunanta na nan a can sama da baƙaƙen Ibrananci, daga dama zuwa hagu kamar ajaminmu, fuskokin Marx da Engels, jagororin aƙidar gurguzu, kuma suna saman ƙofa. Yanzu gidajen kwana ne masu tsada.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne filin wasiƙu, Bintel Brief, wanda edita Abraham Cahan ya buɗe a 1906. Matar da miji ya tsere ya bar ta da yara, tela da mai gida ya danne wa haƙƙi, uban da 'ya'yansa suka fara jin kunyar harshensa, duk can suke kai kuka, a ba su amsa cikin yaren da suka sha a nono. Har hotunan mazan da suka gudu jaridar take bugawa, ko Allah zai sa a gane su. A ganina wannan ya wuce aikin jarida. Mutum ya baro limaminsa da dattawan garinsu a ƙetaren teku, ina zai kai ƙara?

Na leƙa gidan tarihi na titin Orchard, na ga ɗakuna ƙanana inda iyali ke kwana kuma suke ɗinki. Daga nan na taka zuwa kusa da dandalin Washington, inda masana'antar riguna ta Triangle ta kama da wuta ranar 25 ga Maris, 1911. Mutum 146 suka rasu, yawancinsu 'yan mata Yahudawa da Italiyawa, wasu saboda an kulle ƙofar fita. Forverts ta tsaya wa ƙungiyoyin ƙwadago tsayin daka, bayan gobarar kuma jihar New York ta kafa sababbin dokokin kare ma'aikata.